Amfanin Wasa Ga Ƙananan Yara

A kusan kowane gida na ƙasarmu akwai wata magana da yaro yakan ji tun safe har dare, ita ce, "Kai, bar wasan nan!" Uwa ta faɗa, uba ya faɗa, yayye su faɗa. In ana son a kushe yaro sai a ce ya cika wasa. In babba ya yi aiki bai yi kyau ba sai a ce ya yi wasan yara. Saboda haka yawancinmu mun tashi da zaton wasa ɓata lokaci ne, abin da ake haƙuri da shi kafin yaro ya yi wayo a sa shi aiki ko a kai shi makaranta.

Wannan zato kuskure ne, kuma yaranmu ne suke biyan kuɗinsa. Yaron da bai kai shekara 6 ba, yawancin abin da zai koya ta hanyar wasa yake koyonsa. Ku da kuke ajin yaƙi da jahilci kun fi kowa iya gane wannan magana, domin kun ɗanɗani wuyar koyon karatu da girma, kun san wuraren da yake da cizo. To, zan nuna muku yadda wasannin da muke kora yara a kansu suke sassauta musu waɗannan wurare tun kafin su ga allo.

Abin da ke faruwa cikin kan yaro

Likitoci sun auna ƙwaƙwalwar jarirai da ta manya. Ran da aka haifi yaro, nauyin ƙwaƙwalwarsa kamar kashi 1 cikin 4 ne na ta babban mutum. Kafin ya cika shekara 5 ta kai kusan kashi 9 cikin 10. Ba sauran wani lokaci a rayuwar mutum da za ta sake yin irin wannan girma. A cikinta kuwa akwai ƙananan jijiyoyi masu ɗimbin yawa, suna ta haɗuwa da juna kamar yadda turbobi suke haɗa ƙauyuka. Kun san halin turba. Wadda ake bi kullum sai ta yi faɗi ta yi ƙarfi, wadda aka daina bi kuwa damina ɗaya ta isa ciyawa ta rufe ta. Haka hanyoyin ƙwaƙwalwa suke. Duk sa'ad da yaro ya miƙa hannu ya kama wani abu, ya jijjiga shi, ya ji ƙararsa, ya waiwayi uwarsa ta yi masa dariya, to, ya taka wata turba ke nan.

Ku dubi jariri ɗan wata 8 ko 9. A ba shi ludayi, ya sa a baki, ya buga a ƙasa, ya jefar. A ɗauko masa, ya sake jefarwa. A ɗauko, ya sake. Uwa ta gaji ta ce yaron nan da neman magana yake. Alhali kuwa gwaji yake yi. Yana so ya tabbata ko duk abin da aka saki ƙasa yake faɗuwa, ko ludayi da kwano ƙararsu ɗaya, ko in ya yi kuka za a amsa masa. A wannan lokaci ne kuma yake gane cewa abin da ya ɓace wa ido bai bar duniya ba. Ku gwada da kanku: ku rufe abin wasansa da faifai yana kallo. Ɗan wata 4 zai manta da shi nan take. Ɗan wata 10 zai ɗaga faifan ya ɗauko abinsa, yana murna kamar wanda ya tsinci dami a kala. Shi ya sa jarirai suke son a rufe fuska da mayafi a buɗe, su yi ta ƙyaƙyata dariya ba gajiya.

Hannu da fensir

Ku tuna ranar da malamin aji ya fara ba ku fensir. Mutum ya yi shekara 30 yana riƙon fartanya, hannunsa yana iya ɗaga buhun gero, amma ga ɗan tsinke ya gagare shi. Yatsu sun ƙage, gumi yana zuba, harafin "a" ya fito kamar ƙwan da aka taka. Ba ƙarfi mutumin ya rasa ba. Rubutu aikin ƙananan tsokoki ne na yatsu, tare da ido yana yi musu jagora, kuma sai an saba. A azuzuwan da nake zagayawa na lura masu ɗinkin hula da mata masu kitso ko zanen lalle sun fi saurin sabawa da fensir, domin yatsunsu sun daɗe suna irin wannan aiki.

Yaro kuwa a wurin wasa yake samun wannan sabo. Yarinyar da take tuwon ƙasa tana kwaɓawa, tana mulmulawa, tana kwashewa a marafan gwangwani. Yaron da yake ginin shanu da laka sai ya murza ƙaho siriri, ya manna shi kada ya karye. Mai ƙera motar kara sai ya ɓare bayan kara da haƙori, ya yanka totuwa daidai da juna, ya soke su da tsinke, in ƙafa ɗaya ta fi sauran girma mota ba za ta tafi ba, dole ya sake. Carafke ta fi su duka: a jefa dutse sama, ido yana binsa, hannu ya kwashi na ƙasa ya dawo ya cafe na sama tun bai faɗi ba. Yarinyar da ta ƙware a carafke, ranar da aka ba ta fensir ba za ta yi irin gumin da kuka yi ba.

Haka nan zane-zanen da yaro yake yi a rairayi da yatsa, ko a bango da gawayi. Da fari kwaramniya ce kawai. Sannu sai da'ira ta fito, sai a ga kai da ƙafafu biyu, ya ce wannan Baba ne. Daga irin waɗannan layuka da da'irori ake gina dukan haruffa, na boko da na ajami. In kuna ƙin ɓata bango, ku ba shi wuri a tsakar gida, ko bayan tsohon kwali.

Dokin kara

Yanzu bari mu zo kan abin da na fi so ku riƙe. Kowa ya san dokin kara. Yaro ya sami karan dawa, ya lanƙwasa kansa, ya ɗaura masa tsumma a matsayin linzami, ya hau, ya yi ta sukuwa yana haniniya. In ka ce masa, "Ba ni karan nan in hura wuta," sai ya ɓata rai, ya ce ai dokinsa ne. Ya san sarai kara ne. Amma ya yarda a ransa kara ya tsaya a madadin doki, abokansa ma sun yarda.

Wani masani na ƙasar Rasha, sunansa Lev Vygotsky (sunan yana da wuyar faɗi, kada ya dame ku), ya yi lacca a kan wasan yara a shekarar 1933. Yaran ƙasarsu ma suna hawan sanda su ce doki ce, kuma da wannan misali ya yi bayaninsa. Abin da ya nuna shi ne, ƙaramin yaro da fari ba ya iya raba abu da ma'anarsa. Doki sai in ga doki a tsaye. Amma ran da ya hau sanda ya kira ta doki, ya ɗauke ma'anar doki daga jikin dabbar ya ɗora ta a kan wani abu dabam. Wannan babban mataki ne na hankali.

To, mene ne karatu in ba wannan ba? Ku dubi kalmar "doki" a takardar nan. Haruffa huɗu ne, tawada ce a kan farar takarda, ba wutsiya ba kofato. Amma da kun gan ta sai doki ya faɗo muku a rai. Mun yarda ne dukanmu waɗannan alamu su tsaya a madadin dabbar, kamar yadda yara suka yarda kara ya tsaya. Lamba 5 ma haka take, ba ta yi kama da awaki biyar ba ko kaɗan. Takardar kuɗi ma haka. Watau yaron da yake sukuwa a kan kara, da yarinyar da ta goya totuwar masara ta ce 'yarta ce, da waɗanda suka tsinko ganye suka ce kuɗi ne, duk suna horar da kansu ga abin da makaranta za ta nema daga gare su: ganin alama, a fahimci abin da take nufi.

Akwai kuma wani abin mamaki a cikin irin wannan wasa. Ku ce wa ɗan shekara 4 ya zauna wuri ɗaya ya yi shiru, ku ga ko zai kai minti biyu. Amma yaron nan a wasan ɓuya zai laɓe bayan rumbu, sauro yana cizonsa, ba zai motsa ba, ko tari ya taso sai ya danne. Yarinya mai saurin fushi, in aka ba ta matsayin uwa a bikin 'yar tsana, sai ka ji tana rarrashi da tattausar murya. Ba wanda ya tilasta musu. Dokar wasa ce suka ɗora wa kansu, domin suna son wasan ya yi daɗi. Ta haka yaro yake koyon mallakar zuciyarsa, ya jira layinsa, ya kai ƙarshen abin da ya fara. Malaman firamare za su gaya muku yaron da ya zo da wannan hali ya fi musu sauƙin koyarwa bisa wanda ya haddace haruffa amma ba ya iya zama.

Ƙidaya da magana

A carafke ana kwasar duwatsu ɗai-ɗai, sa'an nan bibbiyu, sa'an nan uku-uku. Wadda ta yi kuskure sauran za su kama ta nan take, ba a bukatar malami. A wasan kasuwa ana saye ana sayarwa, ana ba da canji da marafan kwalba. In yara biyar suka sami gyaɗa ƙulli ɗaya, ku tsaya ku ga yadda za su kasa ta, da irin gardamar da za a yi a kan ƙwaya biyun da suka rage. Wannan shi ne lissafin rabawa da saura, wanda yake ba wasunku wahala a aji. Waɗanda suka ɗan tasa kuma sukan tsaya bayan manya suna kallon dara, mai gurbi 30, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, har su fara haƙa tasu a gefe. Mai dara ba ya ajiye ɗa sai ya yi tunanin abin da abokin karawarsa zai yi, watau yana koyon duba gaba.

Wajen magana kuwa, kakanninmu sun bar mana makaranta sukutum: tatsuniya da dare, kacici-kacici, waƙoƙin gaɗa a dandali, da tashe a watan azumi. Yaron da yake sauraron labarin Gizo da Ƙoƙi yana koyon cewa labari yana da farko da tsakiya da ƙarshe, yana jin kalmomin da ba a faɗa a zancen yau da kullum, yana ƙoƙarin cankar abin da zai faru. Ranar da ya fara karatu, in ya haɗa haruffa suka ba shi kalmar da ya riga ya sani, sai ya gane ta ya wuce. In kuwa bai taɓa jin ta ba, zai furta ta daidai amma ba ta gaya masa kome ba. Abin baƙin ciki, a gidaje da yawa yanzu an daina tatsuniya.

Langa da kokawa da tsere ba sai na yi dogon bayani ba, kowa ya san suna ƙarfafa jiki. Abin da zan ƙara shi ne, a nan yaro yake koyon shan kaye ba tare da kuka ba. Kuma in kun ji suna gardama a kan wa ya ci, kada ku yi saurin shiga, in dai ba a kai ga duka ba. Su sasanta da kansu ya fi musu amfani.

Labarin tsibirin Jamaika

Wani zai ce, "Malam, wannan duk zance ne mai daɗi, amma ina shaida?" To, ga shaida daga wata ƙasa ta baƙaƙen fata, inda talauci bai fi namu sauƙi ba a wancan lokaci.

A shekarar 1986 da 1987, wata likita mai suna Sally Grantham-McGregor tare da abokan aikinta suka shiga unguwannin matalauta na Kingston, babban birnin Jamaika. Suka zaɓi yara 129, 'yan wata 9 zuwa wata 24, waɗanda duk sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Aka kasa su kashi huɗu ta hanyar ƙuri'a. Kashi na farko ana kai musu madarar gari kilo 1 kowane mako. Kashi na biyu ba madara, sai dai kowane mako wata ma'aikaciyar lafiya takan je gidan ta yi kamar awa ɗaya, tana nuna wa uwar yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa magana, ta gaya masa sunayen abubuwa, ta yabe shi in ya yi daidai. Kayan wasan ba na kanti ba ne, da hannu aka yi su daga tarkacen gida, a bar wa yaro har mako ya zagayo a musanya masa da wani. Kashi na uku suka sami madara da wasa duka. Kashi na huɗu kuwa sai duba lafiya kaɗai, wanda kowane kashi yake samu. Aka yi shekara 2 ana haka, sa'an nan aka daina.

Da aka gwada yaran a ƙarshen shekara biyun, masu madara sun ci gaba, masu wasa sun ci gaba, waɗanda suka sami duka biyu sun fi kowa. Amma likitocin ba su tsaya nan ba, suka yi ta bin yaran suna girma. Sai aka ga amfanin madarar nan ga kaifin hankali yana ta raguwa har ya ɓace, na wasa kuwa yana nan. Bayan kamar shekara 20 aka neme su, sun zama samari da 'yan mata masu neman na kansu. A shekarar 2014 aka buga sakamakon: waɗanda aka koya wa iyayensu mata yin wasa da su, abin da suke samu a wurin aiki ya fi na waɗanda ba a yi wa ba da kamar kashi 25 cikin 100. Har sun kamo tsararrakinsu na unguwa waɗanda ba su taɓa tsumburewa ba.

Kada wani ya ɗauka ana cewa abinci ba shi da amfani. Yaro mai jin yunwa ba ya ma iya wasa. Abin lura a nan shi ne, ma'aikaciyar awa ɗaya kaɗai take zuwa a mako. Sauran kwanakin uwa ce take yi, matalauciya, a ɗakinta, da gwangwani da tsumma. Ba abin da ta yi wanda ya fi ƙarfin kowace mace da take karanta wannan takarda.

Saboda irin wannan sani ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wasa da rarrashi cikin matakan jinyar yaro mai tamowa, tare da abinci da magani. Ku riƙe wannan kuma: yaron da ya saba wasa, in ya daina, ya koma gefe ya yi zuru, yawanci ciwo ne yake tafe. Kada a yaba masa a ce ya yi hankali. A taɓa jikinsa, in da zazzaɓi a kai shi asibiti.

Kunya da girma

Na san abin da yake hana wasunmu. Namiji yana ganin in ya durƙusa ɗansa ya hau bayansa, girmansa ya zube. Mace kuma tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, balle a gan ta tana yi masa wasa a gaban surukai. Kunya ado ce, ban ce a yar da ita ba. Amma jariri bai san al'ada ba, abin da ya sani shi ne ya yi gwaranci an amsa masa ko ba a amsa ba. A da, gida cike yake da kakanni da gwaggwanni, kuma al'adarmu ta ba kaka da jika izinin wasa har da tsokana, saboda haka abin da uwa ta kasa yi sai kaka ta yi. Yanzu ma'aurata da yawa suna zaune su kaɗai a ɗakin haya a birni, kaka tana ƙauye. In uwa ta ci gaba da kawar da kai a irin wannan gida, wa zai yi wa yaron magana? A cikin ɗaki ba mai ganinki, 'yar'uwa. Ki yi masa.

Ga maza kuwa, ya isa mu tuna abin da ya zo a hadisai. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama. Wata rana kuma ɗaya daga jikokinsa maza ya hau bayansa yana sujada, ya tsawaita sujadar har yaron ya sauka don kansa. Nana A'isha tana da 'yan tsana, ƙawayenta suna zuwa su yi wasa tare, bai hana ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya yi gargaɗi a littafinsa Ihya'u Ulumiddin cewa a bar yaro ya yi wasa bayan ya taso daga makaranta, domin hana shi da matsa masa da karatu kullum yana dushe basirarsa, ya sa ya ƙi karatun. Malamanmu na allo ma ba a banza suke ba da hutun Alhamis da Juma'a ba.

Abubuwan da ke cinye lokacin wasa

Na farko shi ne aiki, kuma 'ya'ya mata ya fi shafa. Yarinya 'yar shekara 6 ta goyi ƙanenta tun safe, da rana ta ɗauki talla, da yamma wanke-wanke. Taimakon iyaye tarbiyya ce, talla ma tana koyar da lissafi, ban musa ba. Amma in yini ya ƙare ba ta sami ko awa ɗaya ta kanta ba, alhali ɗan'uwanta yana can yana ƙwallo, an ƙware ta.

Na biyu zai ba ku mamaki, domin makaranta ce. Makarantun ƙananan yara sun yi yawa a garuruwanmu. Wanda ya fara irinsu wani Bajamushe ne, Friedrich Froebel, a shekarar 1840 ya raɗa wa tasa suna da harshensu, ma'anarsa "lambun yara". Waƙa ake yi a ciki, da gini da 'yan katakai, da shuka. A shekarar 1907 kuma wata likita, Maria Montessori, ta buɗe tata a unguwar matalauta ta birnin Rum a Italiya, inda yara suke zaɓar abin da za su yi da hannunsu. Amma yau sai ka shiga wata makarantar ka tarar da 'yan shekara 3 a jere kan benci, an hana su motsi, suna kwafar haruffa daga allo, ga bulala a hannun malama, har da aikin gida. Iyaye kuma suna murna wai ana karatu. A ganina wannan kamar mutum ne ya ja tsiron gero da hannu don ya yi saurin tsawo. In za ku sa ɗanku a irin wannan makaranta, ku je ku gani da idonku. Ku duba ko akwai fili, ko akwai rairayi da abubuwan taɓawa, ko ana waƙa da ba da labari, ko yaran suna dariya.

Na uku ita ce wayar hannu. Yaro yana kuka, a miƙa masa waya, ya yi tsit, kowa ya huta. Amma hoton da ke cikin waya ba ya amsa wa jariri in ya yi gwaranci, kuma yatsa ɗaya kaɗai yake aiki. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini, in ya gaza haka ya fi. Ta ce kuma yaro daga shekara 1 zuwa 4 yana bukatar motsa jiki na aƙalla awa 3 a yini, a rarrabe. Jaririn da bai fara rarrafe ba, a riƙa sauke shi daga goyo a kwantar da shi rubda ciki a kan tabarma idonsa biyu, ana kallonsa, jimlar minti 30 a yini, domin wuyansa da bayansa su yi ƙarfi.

Inda ake wasa

Barin yaro ya yi wasa ba ya nufin a sake shi kamar akuya. A rufe bakin rijiya. A kawar da tukunyar ruwan zafi da kalanzir da maganin ƙwari. Ɗan ƙasa da shekara 3 kome baki yake kai wa, kada a ba shi abin da zai iya shaƙe shi, kamar maɓalli ko dutsen wuya ko ƙwayar gyaɗa. Wanka a kududdufi yana kawo tsargiya, ban da haɗarin nutsewa. Ƙasar da za a yi tuwon ƙasa da ita kada ta zama ta kusa da masai ko turken dabbobi, kuma a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci.

Wannan magana ta ƙasa ba ƙarama ba ce. A shekarar 2010, a wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara, masu haƙar zinariya suna kawo duwatsu cikin gida ana daka su ana niƙawa. Duwatsun kuwa suna ɗauke da dalma mai yawa. Ƙurar ta bi tsakar gida inda yara suke rarrafe suna wasa suna sa hannu a baki. Yara fiye da 400 suka mutu, wasu da suka rayu gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Sai da aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa. Saboda haka duk mai sana'ar da ta shafi ma'adinai, ko fasa tsohon batirin mota, ya yi ta nesa da gida, ya wanke jikinsa ya sake tufafi kafin ya ɗauki yaro.

Kayan wasa kuwa ba sai an je kasuwa ba. Gora ƙarama ko robar ruwa, a zuba tsakuwa a toshe bakin sosai, ta zama kacau-kacau. Gwangwanaye uku masu girma dabam-dabam, a daddake bakinsu kada su yanke shi, yaro ya yi ta sa ƙarami cikin babba. Tsumma da zare su ba da 'yar tsana ko ƙwallo. Uwa tana tankaɗe, ta ba 'yarta ɗan faifai da dusa ta yi nata, tana gaya mata sunan kowane abu. Uba ya dawo daga gona ko kasuwa, kafin a kawo tuwo, ya zauna a tabarma ya tambayi mai dokin kara ina ya je yau, wa ya gani a hanya, me dokin ya ci. Ku kuma da kuka fara iya karatu, ku zana wa yaro harafin farko na sunansa a rairayi, ku bar shi ya bi da yatsa. In ya share ya gudu wurin abokansa, ku ƙyale shi, gobe ma rana ce.